Tsofaffin 'yan wasan Yankees: su riƙa bugawa, ko a gaishe su kawai?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana kan Ranar Tsofaffin 'Yan Wasa ta Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, kuma na san akwai waɗanda za su taso mini. Bayan 2019 sai da aka daɗe tsofaffin ba su buga wasa a ranar ba. Korona ta cinye 2020 da 2021, sannan aka yi shekara uku ana kiran suna kawai, mutum ya fito ya ɗaga hula, a tafa masa. A watan Agusta na 2025 aka dawo da wasan, sai ga Mariano Rivera, tsohon gwanin jifa na ƙungiyar, yana da shekara 55, agararsa ta tsinke yana bin ƙwallo a tsakiyar fili. Tun daga nan duk fasinjan da muka taɓo zancen da shi sai ya ce ai ga irinta nan, a bar dattawa su huta. Ni ban yarda ba. In ganin fuska ne, hoto ya cika waya. Abin da ke kai ni filin shi ne in ga hannun da na sani ya sake jefa ƙwallo, ko da jifar ba ta da ƙarfi. Me kuka gani?

Auwal Kano: Wa alaikumus salam. Yaya, mu da ke gida ku fara yi mana bayani tukuna. Gasa ce ta daban ta tsofaffi?

Baban Sadiq: Ba gasa ba ce, ƙanena. Sau ɗaya a shekara, kafin wasan besbol na gaske na ranar, ƙungiya takan gayyato waɗanda suka taɓa buga mata suka yi ritaya. Kowa ya sa riga mai lambarsa ta da. Mai sanarwa ya kira su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da kowa ya yi, manyan su zo a ƙarshe. Sai a raba su gida biyu su yi zagaye biyu ko uku, alhali wasan gaske tara ne. Babu mai damuwa da wanda ya ci. Yankees suna yi tun 1947, a nan Bronx, titi na 161, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 ke wucewa ta sama.

Maman Hanifa: Baban Sadiq, kai kana kujera da lemo a hannu, wani kuma ana yi masa tiyata saboda nishaɗinka. Aikina kula da masu jinyar ƙashi da jijiya ne, na san abin da tsinkewar agara take nufi ga mai shekara hamsin da ɗoriya: watanni cikin takalmin roba, sannan gashi da motsa ƙafa, wani ma ba ya komawa yadda yake. Matsalar tsohon ɗan wasa ita ce kansa bai san ya tsufa ba. Ido ya ga ƙwallo a sama, ƙafa ta zabura kafin hankali ya ce tsaya. Jiki magayi. Kuma ka tuna Rivera ɗin nan, a 2012 ma, yana kan ganiyarsa, bin ƙwallo lokacin atisaye a Kansas City ne ya tsinka masa jijiyar gwiwa. Mutum ne da ba ya iya ganin ƙwallo ya ƙyale.

Baban Sadiq: Hajiya, ai kin ba ni hujja da bakinki. Ba wanda ya tura shi. Shi ne dai a 2019, ranar da ya fara zuwa a matsayin tsoho, ya ɗauki sanda ya buga ƙwallo ya zagaye tashoshi huɗu da gudu ya dawo gida, ƙwallon ma ba ta fita fili ba. Mutumin da ya yi shekara 19 yana wasa, yawancinsu aikinsa jifa ne kawai a zagayen ƙarshe, ya rufe wasa 652, kullum fuska a ɗaure. Ranar muka ga haƙoransa. Da kiran suna aka tsaya, wa zai ga wannan?

Kawu Na-Kumasi: Ku yi haƙuri, tsoho zai yi dogon rubutu. Na zo garin nan tsohon filin yana tsaye, wanda aka buɗe 1923 aka rufe 2008. Farkon zuwana ban san komai a wasan ba, wani maƙwabcina ɗan Puerto Rico ne ya ja ni. Abin da na fara lura da shi, mutane ba su damu da bugun ba kamar yadda suka damu da jerin kiran suna. Joe DiMaggio shi ake kira a ƙarshe, sharaɗinsa ne, kuma sai an ce masa gwanin da ya fi kowa a cikin masu rai, laƙabin da aka ba shi a 1969. A shekarun da na gan shi, da kwat yake fitowa, gashi fari fat, ya ɗaga hannu biyu, shi ke nan. Bai taɓa sanda ba. Amma filin yakan girgiza. Wanda ya yi wasa 56 a jere a 1941 ba a hana shi bugu ba, bai yarda jikokin mutane su ga ya kai sanda ya kuskure ba. Ni a lokacin na ɗauka girman kai ne na banza. Maƙwabcin nawa ya ce mini babansa ya ga DiMaggio yana saurayi, kuma shi abin da babansa ya ba shi labari yake zuwa gaisarwa.

Saboda haka ɗana Baban Sadiq, rabin maganarka na karɓa. Akwai wanda wasa ke ƙara masa kwarjini, akwai wanda yake rage masa. A bar kowa ya zaɓa. Abin da ba na so shi ne a mayar da ranar zaman hira da makirfo a kan kujeru. Wannan ana yi a talabijin kullum.

Ɗan Maraɗi: Ku dai kuna ta kewaye-kewaye. Wanga abu kasuwa ne. A tsakiyar zafi, wasan da ba lalle ya cika fili ba, sai a kira tsofaffi, tikiti ya ƙare, riguna masu tsofaffin lambobi su tafi. Mi ya rage? Ku ne kuke kuka, su suna ƙirga kuɗi.

Malamin Makaranta: Ɗan Maraɗi, ba wanda ya ce babu kuɗi a ciki, amma tushen abin ba a kanti aka haife shi ba. Ranar 4 ga Yuli 1939 aka tara jama'a don Lou Gehrig, wanda ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba, sai cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta kama shi yana da shekara 35 zuwa 36. Aka kira abokan wasansa na 1927, har da Babe Ruth da suka daɗe ba sa ga-maciji, Ruth ya rungume shi a gaban kowa. A nan Gehrig ya ce yana ganin kansa mutumin da ya fi kowa sa'a a doron ƙasa. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, a Yunin 1941. Wato tun farko taron na bankwana ne, kuma har yau da wannan a cikinsa. Duk shekara akan karanto sunayen waɗanda suka rasu. Yogi Berra ya tafi a 2015, Don Larsen da Whitey Ford a 2020. Wanda ka tafa wa bana, ba ka da tabbacin baɗi.

Ɗan Maraɗi: Malam, na ji. To gaya musu abin da George Steinbrenner, mai ƙungiyar a lokacin, ya yi da ranar a 1978.

Malamin Makaranta: Wannan kam ka kama ni a hannu, domin wasan kwaikwayo ne tsantsa. Billy Martin, kocin ƙungiyar, ya zagi ɗan wasansa Reggie Jackson da shi mai ƙungiyar a gaban 'yan jarida, ya ajiye aiki yana hawaye. Bayan kwana biyar, a Ranar Tsofaffi, mai sanarwa ya ce Martin zai dawo koci a 1980, sai ga shi ya fito da gudu cikin riga mai lamba 1. An daɗe ana tafi. Bai ma kai 1980 ɗin ba, a 1979 ya dawo. Sau biyar ya riƙe ƙungiyar. Steinbrenner ya san inda zuciyar jama'a take da laushi, kuma ya san ranar da ake taɓa ta.

Kawu Na-Kumasi: Amma shi ma akwai wanda ya gagare shi. Yogi Berra. An kore shi daga koci a 1985 bayan wasa 16 kacal, kuma aike aka yi masa, mai gidan bai faɗa masa da bakinsa ba. Berra ya rantse ba zai sake taka filin ba. Shekara 14 ana Ranar Tsofaffi babu mutumin da ya ci kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta shekara, har sau 10 yana ɗan wasa. Kowace shekara rashinsa ya fi zuwan wasu ƙara. Sai da Steinbrenner ya taka har New Jersey ya ba shi haƙuri a farkon 1999. A Yulin shekarar aka yi masa rana ta musamman, Don Larsen ya jefa masa ƙwallon buɗe wasa, don tunawa da 1956 lokacin da su biyun suka hana mutum 27 a jere kaiwa ko tashar farko. Aka shiga wasan gaske, David Cone ya maimaita abin nan daidai a kan Montreal Expos, su biyun suna zaune suna kallo. Ɗan Maraɗi, faɗa mini ɗan kasuwar da ya shirya wannan.

Ɗan Maraɗi: Wannan ikon Allah ne, Kawu. Amma ka lura, wasan gaske ne ya ba da mamakin. Tsofaffin suna zaune.

Habu na Queens: Kullum ku mutanen Bronx sai ku yi kamar ku kaɗai kuke da tsofaffi. Mu Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, mun bar yi tun 1994, sai da Steve Cohen ya sayi ƙungiyar aka dawo da shi a Agustan 2022, kuma an buga wasa. Ranar ba wanda ya sani sai aka sanar an jingine lamba 24 ta Willie Mays, ba mai sake sa ta, alkawarin da Joan Payson, mai ƙungiyar ta farko, ta yi masa shekaru kusan hamsin baya. Na ga manyan mutane suna share ido da hula.

Amma Mays ɗin ne ya sa nake jin maganar Maman Hanifa. Har yau in Amurkawa za su ba da misalin gwanin da ya wuce lokacinsa, sai su ce Mays a World Series na 1973, yana da shekara 42, yana tuntuɓe a fili yana neman ƙwallo cikin rana. Mutumin da ya buga homron 660, wato bugun da mai bugu ke zagaye tashoshi huɗu da shi ya dawo gida. Wasu abin da suka riƙe ke nan.

Baban Sadiq: Habu, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. A 1973 wasan gaske ne, kofi ake nema, tuntuɓensa na iya jawo wa mutum ashirin da huɗu asara. A wasan tsofaffi in ka faɗi dariya za a yi, kai ma ka yi. Wurin da aka yafe maka tsufa ke nan tun kafin ka fito.

Bari in ba ku wanda ya fi kowanne. 1982, birnin Washington, lokacin ba su da ƙungiya ko ɗaya, tasu ta bar garin tun bayan 1971. Aka shirya wasan tsofaffi a filin RFK. Luke Appling, tsohon ɗan Chicago White Sox, shekararsa 75. Mai jefa masa Warren Spahn, shekara 61, wanda ya ci wasa 363, babu bahagon da ya kai shi. Appling ya kai sanda, ƙwallo ta tsallake katanga. Mutumin da a shekara ashirin na wasansa homron 45 kawai ya buga. Ya zagaya yana dariya, Spahn ya bi shi yana dukansa da safar hannu. Ku nemi bidiyon, yana nan. Mutane da yawa ba su san ya taɓa zama gwarzon bugu na lig ɗinsu har sau biyu ba, amma sun san bugun ɗan shekara 75. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Maraɗi: Katangar hagu ta filin ta fi kusa da yadda aka saba. Faɗi duka.

Baban Sadiq: To kai je ka buga ta tsallake, da shekarunka arba'in. Kuma ta Hideki Matsui a 2016 fa, da ya aika ƙwallon David Cone bene na biyu? Ita ma katangar aka matso?

Maman Hanifa: Matsui lokacin bai fi shekara 42 ba, wannan ai ba tsoho ba ne, mai hutu ne. Ni ban ce a soke ba. Na ce a yi da hankali. Mai son bugu ya buga, a sa yaro ya yi masa gudun. Kada a tura mai shekara 55 tsakiyar fili inda sai an zabura. Wannan ba ya rage komai.

Kuma akwai abin da duk ba ku ambata ba, ku maza. Ni abin da ya fi taɓa ni a ranar shi ne matan waɗanda suka rasu. Ana kiran su su ma, su fito fili. Matar Thurman Munson, kyaftin ɗin da jirginsa ya faɗi da shi a Agustan 1979 yana da shekara 32, ta yi shekaru tana zuwa. Haka matar Elston Howard, baƙar fata na farko da ya buga wa Yankees, a 1955, shekara takwas bayan Jackie Robinson ya buɗe ƙofa a Brooklyn. Waɗannan ba sa jifa ba sa bugu, amma ku saurari tafin da ake yi musu. Yana tuna mini yadda ake zagaya gidajen tsofaffi da zawarawa ranar Sallah a unguwarmu, ba don su yi maka komai ba.

Auwal Kano: Yanzu na gane. Mu ma in aka ce Okocha ko Kanu za su taka leda a wasan karramawa, ko minti goma ne mutane za su je. Amma ni abin da ke ci mini rai, sai wanda ya yi suna ake kira. Rashidi Yekini ya ci mana ƙwallon farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya rasu a 2012, kowa ya san ba a cikin gata ya ƙare ba. Can ma haka ne, ko tsofaffinsu duk masu kuɗi ne?

Malamin Makaranta: Auwal, ka taɓo inda ya kamata muhawarar ta je. Na yanzu masu kuɗi ne. Mafi ƙarancin albashi a babban lig a 2025 dala 760,000 ne a shekara. A 1967 dala 6,000 ne. Irin su Berra da Phil Rizzuto, da duk sunansu, sun sayar da kwat a kanti a Newark lokacin hutun sanyi. Sai da Marvin Miller ya karɓi ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 1966, ɗan wasa Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa zuwa wata ƙungiya a 1969 ya kai ƙara har Kotun Ƙoli ya faɗi a 1972, sannan a tsakiyar shekarun 1970 'yan wasa suka samu 'yancin zaɓar inda za su buga. Daga nan kuɗi ya fashe.

Fansho kuma ga yadda yake. Kafin 1980 sai ka yi shekara huɗu a babban lig kake da shi. Daga 1980 aka mayar da shi kwana 43. Amma ba a waiwayi na baya ba. Wanda ya yi shekara uku da rabi a 1975 ya tashi a tutar babu, wanda ya yi wata biyu a 1981 yana da rabo. Sai a 2011 aka amince a riƙa ba su wani abu, bai wuce dala 10,000 a shekara ba a lokacin, kuma in mutum ya rasu matarsa ba ta gada. Waɗannan ba su ne ake kira a ƙarshen jeri ba. Yawancinsu ba a kiran su sam.

Ku dubi Satchel Paige. Wariyar launin fata ta tsare shi a lig ɗin baƙaƙe har sai 1948, yana da shekara 42, ya shiga Cleveland. A 1965 Charlie Finley na Kansas City Athletics ya dawo da shi yana da shekara 59, aka ajiye masa kujera mai lilo a gefen fili don 'yan kallo su yi dariya. Wasan gaske ne fa, da Boston Red Sox. Ya yi jifa zagaye uku ba a ci shi ko ɗaya ba, Carl Yastrzemski kaɗai ya samu bugu a kansa. Duk da haka kwanakinsa ba su kai na fansho ba, sai da Atlanta Braves suka sa shi a takardar ma'aikata a 1968 don ya cike.

Ɗan Maraɗi: Yauwa Malam. Abin da nike faɗi ke nan tun ɗazu, ku kuka ce ba ni da zuciya. An yi talla da tsufan Paige, kujera da duka. In da gaske ana son tsofaffi, kuɗin tikitin ranar ya tafi ga waɗanda ba su da fansho, kuma a gayyato su su ma su ɗaga hula.

Malamin Makaranta: An taɓa yin kusa da haka. A 1986 aka kafa asusun Baseball Assistance Team don taimakon tsofaffin da suka shiga wani hali, kuma jerin wasannin tsofaffi da aka riƙa yi a filaye daban-daban a shekarun nan suna cikin abin da ya fara zuba masa kuɗi. Asusun yana nan har yau. Wasannin ne suka ragu.

Kawu Na-Kumasi: Sun ragu don na yanzu ba sa buƙata. Da, tikitin jirgi da otal da ganin tsofaffin abokai babban abu ne ga mutum. Wanda ya tara miliyoyi kuwa, me zai sa ya fito da tumbi a gaban kyamara? Derek Jeter, tsohon kyaftin ɗin Yankees, ya yi ritaya a 2014, bai zo ba sai 2023, kuma shekarar ba a buga ba. Ba na zarginsa, irin DiMaggio ne. Amma in duk suka zama DiMaggio, Baban Sadiq ba shi da wasan da zai kalla.

Habu na Queens: Ni akwai wasan tsofaffi ɗaya da zan biya ko nawa ne. A sa Roger Clemens na Yankees ya yi jifa, Mike Piazza namu na Mets ya riƙe sanda. Tun World Series na 2000 da Clemens ya wurga masa guntun sandar da ta karye muke bin bashi.

Baban Sadiq: Bashin da kuke bi ai wasa huɗu da ɗaya da muka ci ku ne, Habu, ba guntun sanda ba.

Maman Hanifa: In za a yi wannan, ku gaya mini da wuri in nemi hutu a wurin aiki. Da jakar ƙanƙara zan zo, don na san a cikin su biyun babu mai yarda a yi masa gudu.

Ɗan Maraɗi: Kuma ku lura, har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar kuɗin tikiti.